Littafin Alhaji tsaf, nawa ko shafi ɗaya babu

Aikina a kasuwar Mile 12 rubutu ne. Mota ta taso daga Aliero ko Sakkwato da albasa, ni ke tsayawa a ƙirga buhu, in rubuta kuɗin mota, kuɗin 'yan dako, la'ada, wa ya ɗauka ya biya, wace Iya ce ta kwashi buhu goma tace sai jibi. Tun 2014 da na zo Legas nake yi wa Alhaji wannan aikin, kuma ko naira ɗari ce ta ɓata a littafin nan bana iya barci sai na gano inda ta shige. Amma wallahi har zuwa watan Yulin 2023 da za ka tare ni kace kai nawa ake binka, sai dai in ce maka ba za su wuce dubu ɗari biyar ba, in kauda kai in canza hira.

Abin da ya tashe ni daga barcin nan kiran surukina ne daga Funtua, kamar sati biyu bayan Babbar Sallah. Mutumin da ni ke kiransa duk Juma'a in gaishe shi, bai taɓa kirana ba, ranar sai ga lambarsa da rana tsaka ana cikin sauke kaya. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, sai yayi shiru, sannan yace wai wani saƙo ne ya shigo masa da Turanci, yaro ya karanta masa, an sa hotona ance na gudu da kuɗin kamfani duk wanda ya sanni ya faɗa min in biya. Yace "ni dai nace bari in ji daga bakinka, in wata matsala ce a taru a rufa wa juna asiri." Nace Baba ba komai, kuskure ne, zan gyara. Na kashe waya na zauna kan buhun albasa, gumi na keto min kamar wanda yayi dako.

Ba kuskure bane. Manhajar bashi ce, irin waɗannan na waya, har guda biyu nake ci. Na fara ne lokacin wahalar canjin kuɗi farkon 2023, wanda ya zauna kasuwa a watan Fabrairun nan ya san me nake nufi, kaya a ƙasa suna ruɓewa, mai saye ba tsabar kuɗi, tiransifa ta maƙale tun safe har la'asar, mai POS in zai baka 10,000 sai ya cire dubu ɗaya ko biyu kuma sai kayi masa godiya. La'adata ta tsaya cak, aka kira daga gida ana neman kuɗin magani, wani yaro a layinmu ya turo min link yace minti biyar za ka ga alat. Haka kuwa akayi. Ka nemi 50,000 su turo maka 42,000, kwana 14 ka mayar da sittin da wani abu, in ka ƙara kwana ɗaya kuɗi ya hau. Na san kuɗin ruwa ne, ba wai ban sani ba, nayi wa kaina fatawa nace larura ce, daga nan kuma larurar ta zama ta kowane sati biyu, in ci na wannan in biya wancan. Daga baya naji cewa tun ƙarshen Mayun 2023 Google ta hana irin manhajojin nan shiga lambobi da hotunan da ke wayar mutum, kuma FCCPC, hukumar gwamnati mai kare haƙƙin masu saye, tana da jerin waɗanda ta yi wa rajista, to amma nawa ba daga Play Store na sauke ba, kuma ni da hannuna na danna na yarda da komai ban karanta ko layi ɗaya ba.

Daren ranar, bayan yara sun yi barci, na ɗauko ragowar littafin makarantar babbar 'yata na juya bayansa. Uwargida tana kallona bata ce komai ba. Na fara da Alhaji, 350,000, kuɗin mashin da na saya wa ƙanena farkon 2022 don yayi acaɓa a nan Ketu ya tsaya da ƙafarsa. Gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yunin shekarar, muka ce ai bai zo kanmu ba, 1 ga Satumba aka ƙara huɗu har da Kosofe inda muke, yaro ya ci gaba da fita a ɓoye, ba a yi wata biyu ba aka kama mashin ɗin, kuma duk wanda ke garin nan ya san in an kama niƙe su akeyi. Ya koma gida, bashi ya zauna min. Sai abokina ɗan canji, 150,000, kayan ɗakin ƙanwata. Sai adashi da muke yi mu goma, zubin 30,000 duk wata, na roƙi uwar adashi ta bani kwasa ta biyar na tafi da ita Sallah gida, rago, shadda, atamfofi, kuɗin gaisuwa, saura zubi biyar a kaina wato 150,000 na kuɗin da tuni an ci an sha ruwa. Manhajoji biyu 103,000. Mai shagon bakin layi 38,500. Tela 18,000. Mai shayi 7,200, wannan ma sai da na kira shi ya duba kwalinsa, ni a zatona bai kai dubu uku ba.

Na ja layi zan haɗa sai uwargida tace daga inda take kwance, "baka sa 'yan kunnena ba." Gaskiya ne, a 2022 kuɗin haya ya zo bani da shi, ta cire 'yan kunnenta na gwal na aure ta bani na kai aka saya 120,000. Na rubuta. Jimla 936,700.

Na daɗe ina kallon lambar nan. Abin mamaki ba tsoro ne ya fara kama ni ba, wani irin sauƙi naji, kamar wanda ya daɗe yana jin motsi a ɗaki cikin duhu aka kawo wuta ya ga abin da idonsa. Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma da wannan maganar na daɗe ina lallashin kaina, to amma shi hanji ai mutum baya ganin nasa, nawa kam na fito da shi na shimfiɗa kan tabarma.

Kuma da na sake bin jerin a hankali sai naga wani abu da ban so gani ba. Kullum ƙorafina Legas tsada, Legas ta cinye mu, haya, ruwa, wuta, kuɗin makaranta. Eh akwai tsada. Amma a cikin dubu ɗari tara da ɗorin nan abin da Legas ta ci da bakinta bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk Arewa suka tafi, kuma ba wanda ya sa min wuƙa a wuya. Kalma huɗu ce ta kashe ni, "ba komai, zan turo." Ɗan Ikko ne ai, ya za a ce ya kasa. Mutum ya kira ka yana gaisuwa mai tsawo, ka san inda za a je, kafin ma ya gama kwana-kwana kai ka riga ka ce ya turo lambar akawun, aljihunka ba ko sisi, ka kashe waya ka fara tunanin wa za ka taɓa. Ni ba taimako nake yi ba a lokacin, suna nake saye, kuma da kuɗin mutane.

Washegari abu na farko na tafi Computer Village a Ikeja na sayar da babbar wayata 85,000, na sayi 'yar rakani-kashi. Janareto ma na sayar wa maƙwabcina 45,000, dama tun da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa kusan 500 cikin 'yan kwanaki, janareton ya zama kujerar zaman yara. Na biya manhajojin nan biyu tas a rana ɗaya na ajiye shaidar biya. Har yau suna turo min saƙo wai na cancanci 200,000, Allah ya kiyashe mu. Canjin da ya rage na sallami mai shayi da tela. Wasu za su ce ai kamata yayi ka fara da babba, ni dai abin da na gani shine wanda ke haihuwa kullum shi ake fara kashewa, sai wanda kake haɗa ido da shi kowace safiya, don wata uku ina zagayawa ta bayan masallaci saboda kar in wuce teburin mai shayi a kan dubu bakwai, ka ji wauta.

Abu mai wuya shine kiran Inna. Kwana uku ina ɗagawa. Ni ne ɗan fari, bata faɗin sunana, hira ma tsakaninmu bata da tsawo, gaisuwa ce da addu'a. Na kira bayan isha'i nace Inna akwai maganar da nake so in faɗa miki, bashi ne a kaina ya kusa miliyan. Tayi salati. Na zayyana mata komai, mashin, biki, ragon Sallah. Tayi shiru har na ɗauka layi ya yanke, sai tace "to kai wa ya aike ka?" Nace Inna ai ana kira ana cewa kin ce. Tace "ni? sau nawa na taɓa kiranka da bakina nace ka turo?" Na lissafa, a shekara biyu sau biyu ne, duka na asibiti. Sauran duk "Inna tace" ne daga bakin wasu, wani ma bata san an yi ba. Tace ragon da na kawo ita har cewa tayi a ranta yaron nan Allah ya buɗa masa, da ta san na bashi ne da bata bari an yanka ba, layya ai ba a wajabta wa wanda bashi da hali ba. Wallahi kunyar da naji a wayar nan ta fi ta saƙon surukina.

A nan muka yanke, 25,000 duk farkon wata, hannunta kai tsaye, ba ta hannun kowa ba, in kaka tayi kuma in haɗa abin da ya samu a saya mata masara da shinkafa a Dandume lokacin da hatsi ke da sauƙi a ajiye a ɗaki, maimakon awo da tiya-tiya a tsakiyar damina. Duk wanda ya kira kuma ya ce tace, zan ce to bari in kira ta. Ka san Allah, wannan jimlar kaɗai ta rage kiran da ake min da rabi. Sauran na koyi cewa "wallahi bani da shi yanzu, ina biyan bashi ne." Farko bakina har rawa yake. An yi fushi, an ce Ikko ta canza ni, wani ɗan baffana ya daina ɗaga wayata kusan shekara, a guruf ɗin WhatsApp na dangi aka riƙa sakin habaici kan masu manta mafari. Sallar 2024 duka biyun ban je gida ba, ban yi layya ba, yara suka sa kayan bara, ba wanda ya mutu.

Alhaji kuwa da na same shi a rumfa bayan azahar nace ranka ya daɗe ina so a riƙa cire 20,000 duk wata daga haƙƙina har kuɗin mashin su fita, dariya yayi. Yace "Malam, yau ka tuna? Ni na zuba maka ido ne in ga ranar da mai rubuta bashin mutane zai rubuta nasa." Ya sa na buɗe shafi a littafinsa da sunana, da hannuna, ya kira mutum biyu suka shaida, yace aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka ba a kan wani abu ba, amma mu Hausawa in ka ce a rubuta sai a ce baka yarda da mutum ba. Wannan gaskiya ne kuma har gobe muna yi. Rabin rigimar da ake kaiwa gaban shugabannin kasuwar nan ta "na baka" "baka bani ba" ce tsakanin mutanen da suke sallah sahu ɗaya.

Samuna ba albashi bane tsayayye, wata mai kyau ina haɗa 220,000, in kasuwa ta mutu 150,000 ma da ƙyar, to da na zo tsara kashewa sai na gina komai a kan mugun watan ba mai kyau ba, don da can kuskurena kenan, in samu wata ɗaya mai albarka in ɗauka haka shekara za ta tafi. Na Alhaji 20,000, adashi 30,000, Inna 25,000, haya dubu ɗaya kullum, abin da ya rage shi za a ci, in wata yayi kyau rarar ta tafi kan bashi kafin in saba da ganinta. Da adashi ya ƙare a Nuwamba ban bari dubu talatin ɗin nan ta shigo aljihu ba, na juya ta kan abokina ɗan canji, wata biyar ya fita. Shi ma mutumin kirki, dala ta tashi ta ninka a tsakanin amma bai taɓa cewa uffan ba, naira ya bani naira ya karɓa.

Maganar haya ita ce na fi so mutanenmu su ji. A garin nan shekara guda ake biya a dunƙule, in sabon shiga ne ga kuɗin ejan ga na agirimen, kuma ranar bata canzawa, ka san ta tun wata goma sha biyu, amma duk shekara sai ta zo mana kamar haɗarin mota. Muna zaune ciki da falo a Agiliti, da ɗan sauƙi saboda in ruwa ya zo sai kun ɗaga katifa, kuma da ƙafa nake zuwa kasuwa. Akwai wata Bayarabiya mai ajo, alajo suke cewa, tana zagaya rumfuna kullum da yamma da katinta, ka bata abin da kuka yi alkawari ta sa hannu, ƙarshen wata ta baka kuɗinka ta riƙe na kwana ɗaya ladanta. Da can ina raina abin, ina cewa ya zan ba mutum kuɗi ya ajiye min kuma in biya shi. Yanzu na gane ba ajiyar nake biya ba, zuwan nata nake biya, don in ta tsaya a kanka da biro a hannu kunya bata barinka kace babu. Kunyar da ta jefa ni rami ita na ɗaure ta take min aiki. Amma bana barin kuɗin su kwana biyu a hannunta bayan wata ya cika, an sha jin mai ajo ta ɓace da na mutane, ina karɓa nake zubawa a wani akawun da na buɗe a ɗaya daga bankunan nan marasa kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, ban karɓi katin ATM ba, ban sa manhajarsu a waya ba, in ina son cirewa sai na shiga mota na bi layi. Sau da yawa ƙyuyar goslo ce kaɗai ta ceci kuɗin hayar nan. Mai gida ya ƙara kuɗi a 2024 kamar kowa, na cika da ƙyar, amma ban ci bashi ba, karon farko a shekara huɗu.

Ana cikin haka wasu abokai suka dame ni in sa kuɗi a wani abu na intanet da ke ninkawa a wata ɗaya, wai in fita bashi da wuri. Na ga abin da MMM ta yi wa mutane a ƙarshen 2016 ina garin nan, nace a kai kasuwa. Da CBEX, ita ma irin wannan harkar ninka kuɗin ce, ta rufe a Afrilun 2025 har da masu kuka a rumfarmu.

Ba wai na zama waliyyi bane fa. Akwai watan da na zame, na sayi takalmin da bana buƙata, akwai lokacin da ƙaramin ya kwanta asibiti na kwashe na haya na wata biyu na dawo baya. Kuma rubuta kashe-kashen yau da kullum har yanzu ina mantawa, sai in yi kwana huɗu ban taɓa littafin ba in zauna ina ƙirƙiro abin da na tuna. Amma ko a hakan na kama ɓarayina, data da tsire da "bari in sa maka kati", su kaɗai suna cin sama da dubu ashirin a wata ban sani ba. Uwargida ta fara awara da kunun aya a ƙofar gida, kayan miya suka sauka daga kaina, ban tambayi ribarta ba ita ma bata faɗa ba.

Na Alhaji ya ƙare Janairun 2025, ya ja layi biyu a shafin ya sa hannu. Saura mutum ɗaya, wadda na bari ƙarshe saboda a raina ai ta gida ce bata da gaggawa. Cikin azumi na haɗa 120,000 cif sababbi, bayan an sha ruwa na ajiye mata a gabanta ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Hajji, nace ga kuɗinki, Allah ya saka da alheri, yau ba mai bina ko kwabo a duniya. Ta ƙirga tsaf, ta mayar cikin ambulan, ta turo min. Tace "Abban yara, ni fa ba kuɗi na baka ba, 'yan kunne na baka, giram huɗu ne, rasit ɗin yana cikin akwatina."

Na ɗauka wasa take. Da asuba na tambayi limaminmu, yace in gwal ta ranta maka gwal za ka mayar, nauyinsa da irinsa, ba ruwanta da nawa ka sayar. Na je wajen masu gwal na tambayi giram, da mutumin ya faɗi kuɗin sai da nace ya maimaita, dubu ɗari da ashirin ɗin tawa giram ɗaya ta saya da ɗan canji. Na dawo na buɗe sabon shafi a bayan littafin, ita ta riƙe biro wannan karon. Zuwa jiya saura giram ɗaya da rabi, kuma tace ƙirar Dubai take so irin na da.